Mary Lea Heger: Matar Da Ta Bar Wa Masana Taurari Wasa Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya ɗaga kai sama a Omdurman a daren sanyi zai ga Kaza da 'Ya'yanta. Kusa da su akwai wani tauraro, Zeta Persei. A haskensa ne wata ɗaliba 'yar Amurka, Mary Lea Heger, ta tsinkayi abin da har yau ba a gama warware shi ba.

An haife ta ranar 13 ga Yulin 1897 a jihar Delaware, ta kuma yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli. A 1919 tana aiki a cibiyar duban taurari ta Lick, inda ake raba hasken tauraro da gilashi ya zama launuka kamar bakan gizo. A cikin launukan akan ga baƙaƙen layuka, kowanne shaidar sinadarin da ya shanye hasken a wurin. Mary ta ga layuka biyu masu dishi-dishi waɗanda ba su dace da wani sanannen sinadari ba, ta wallafa su a 1922. Sai a shekarun 1930 Paul Merrill ya nuna cewa ba daga taurarin suke ba, daga iska da ƙurar da haske ke ratsawa a hanya ne.

Yanzu an ƙirga irin waɗannan layuka sama da 500. A 2015 masana a Basel ta ƙasar Suwizalan suka tabbatar cewa biyu daga ciki na wani dunƙulen ƙwayoyin gawayi 60 ne mai siffar ƙwallo. Nata biyun kuwa, har yanzu shiru.

Ita kanta ba ta bi sawunsu ba. Ta auri Donald Shane a 1920, ta sami digirin dakta a 1924, daga nan ta ajiye bincike ta rungumi renon 'ya'yanta. A ganina, ilmi ya yi asara a nan.

Bayan mijin ya zama shugaban Lick a 1945, ta duƙufa wajen tattara tsofaffin wasiƙu da takardun cibiyar, har aka sa wa ma'ajiyar sunanta a 1982. Ta rasu ranar 13 ga Yulin 1983, ranar da ta cika shekara 86.