Sayyida Rufaida al-Aslamiyya, Mai Jiyyar Masu Rauni

Daga cikin matan Sahabbai da suka yi wa Musulunci hidima da hannuwansu akwai Sayyida Rufaida, Allah ya yarda da ita, 'yar ƙabilar Aslam, wadda ta zauna a Madina zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Ibn Ishaƙ ya ambace ta a littafinsa na Sira, haka nan Ibn Hajar a cikin Al-Isaba. Sun siffanta ta da cewa mace ce da ta ba da kanta ga hidimar Musulmin da ba su da mai kula da su, tana neman lada wurin Allah.

Jiyyar marar lafiya aiki ne na haƙuri da jira. Amma sa'ad da yaƙe-yaƙe suka taso wa Madina, sai aikin ya sake kama, domin wanda kibiya ta huda ba ya jiran gobe. Rufaida ta kafa tanti a cikin masallacin Annabi, ya zama wurin da ake kai masu rauni.

A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, rundunar taron dangi ta mutum wajen 10,000 ta kewaye Madina, Musulmi kuwa ba su fi 3,000 ba, suka haƙa gwalalo bisa shawarar Salmanul Farisi. A wannan yaƙi na Handaƙ aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Ausu, a babbar jijiyar hannu, jini ya ɓalle. Manzon Allah ya yi umarni a kwantar da shi a tantin Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Can ya yi jiyya har aka ɗauko shi bisa jaki ya yanke hukunci a kan Banu Ƙuraiza. Bayan haka raunin ya fashe, ya cika yana shahidi.

Abin lura a nan shi ne, Annabi bai miƙa babban mutum kamar Sa'adu ga hannun da bai san aikinsa ba. Gwanintar da Rufaida ta samu lokacin zaman lafiya ita ce ta yi rana ranar tsanani.

To, jama'a, yau ma haɗarin mota da gobara da ambaliya suna kawo masu rauni irin na fagen fama, kuma sau da yawa jini ke ƙarewa tun kafin a isa asibiti. Uban da ya hana 'yarsa koyon jiyya da taimakon gaggawa, yana zaton addini ne ya hana, ya tuna da tantin nan da aka kafa a masallacin Annabi da yardarsa.

Allah ya ƙara mata yarda, ya ba mu ikon koyi da ita, amin.