Samuel Ajayi Crowther: Bawan da ya zama bishop, ya kuma jure wulaƙancin 'yan gida

An haifi Ajayi a garin Osogun na ƙasar Yarabawa wajen shekarar 1809. Yana ɗan kimanin shekara goma sha biyu mahara suka afka wa garinsu, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin 'yan Fotugal masu fataucin bayi. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke shi a Firitawun ta Saliyo. Can ya karɓi addinin Kirista a 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther.

Ya bi ayarin binciken Kogin Kwara na 1841, aka naɗa shi limamin coci a 1843. Da ya koma ƙasar Yarabawa da aikin bishara, ya sadu da mahaifiyarsa a Abeokuta bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a Kantabari, ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilikan. Ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya rubuta nahawun Nufanci, ya buɗe tashoshin mishan a Onitsha da Lokoja. Da Etsu Masaba na Bida kuwa, mu'amalarsa ta mutunta juna ce, ba tare da ɗayansu ya sassauta aƙidarsa ba.

Sai dai jarrabawar da ta fi tsanani ba daga hannun mahara ta zo masa ba. Daga ƙungiyar da ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa ta fito, wato CMS. A ƙarshen shekarun 1880 wasu matasan Turawan mishan, waɗanda ya isa ya yi jika da su, suka iso da zarge-zarge kan limaman Afirka da ke ƙarƙashinsa. Gaskiya ne akwai sakaci a wasu tashoshin, kuma dattijon mai sanyin hali ne wajen hukunci. Amma salon da aka bi ya nuna raini ne ga baƙar fata fiye da neman gyara. A zaman kwamiti a Onitsha cikin Agustan 1890, aka dakatar da limamansa a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Ya ajiye shugabancin kwamitin, amma bai fice daga cocin ba, bai kuma daina aikin bishop ba, ko da yake yana da magoya bayan da za su bi shi da ya zaɓi ɓallewa.

Shanyewar jiki ta kwantar da shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Sai a 2014 shugaban cocin Angilikan, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadamar cocin kan abin da aka yi masa.