John Browning: ɗan maƙerin da ya ɗauki darasi daga ciyawa

Kai ɗan Maƙera, can wajen Dutsin-Ma da Kurfi, sunan garinku kaɗai ya isa ya tuna maka da zugazugi da guduma. To, cikin irin wannan sana'ar John Browning ya buɗe ido. An haife shi a 1855 a Ogden ta Amurka, mahaifinsa maƙerin bindigogi ne.

A 1889, a filin gwada harbi, ya lura ciyawar da ke gaban bakin bindiga tana kwantawa duk sanda aka harba. Kowa na ganin haka ya wuce. Shi kuwa sai ya gane ƙarfi ne ke tafiya a banza. Ya sarrafa iskar albarushin ta riƙa fitar da kwanson harsashi tana ɗura sabo. A wasu ƙirarsa kuma, har da ƙaramar bindigar farauta mai harsashin .22, naushin da harbi ke yi baya shi ke wannan aiki.

Amma fa ƙira ba ta zaɓar hannun da za ta faɗa. Da ƙaramar bindiga ƙirarsa aka kashe Yarima Franz Ferdinand a Sarayebo a 1914, yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Browning ya rasu a 1926 a Beljiyam, yana bakin aiki.

Mu a Katsina ba sai an gaya mana ɓarnar bindiga ba, mun binne 'yan uwa. Idon lura irin nasa kam kai ma kana da shi. Ka kai shi kan famfon noman rani da injin casa.