Henry Walter Bates, Mutumin da Ya Gano Dabarar Ƙwari

Ɗalibanmu da ke zuwa daga Wurno, Rabah da Goronyo sun san yadda fara ke sajewa da ciyawa, da yadda ƙoƙi-ƙoƙi ke tsayawa cik kamar tsinke. Akwai ma wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan itace, waɗanda in sun lafe a reshe sai ka rantse ƙaya ce. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bayyana dalilin irin wannan shi ne Henry Walter Bates.

An haife shi a Lesta ta ƙasar Ingila a 1825. Bai yi jami'a ba. Yana ɗan shekara 13 aka sa shi koyon aiki wajen masu saƙar safa, da dare kuma ya tafi ajin yamma. In ya sami hutu sai ya shiga daji neman ƙwari. A 1848 shi da abokinsa Alfred Wallace suka tafi Kogin Amazon a Barazil, suna tara ƙwari suna aikawa Ingila a sayar, da kuɗin suke ci.

Shekara 11 ya yi a can. Zazzaɓi ya kwantar da shi, an yi masa sata, har takalmi ya taɓa ƙare masa. Ya tara halittu iri fiye da 14,000, wajen 8,000 daga ciki masana ba su san da su ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne malam-buɗe-littafi. Ya lura wasu suna tashi a hankali, ga launi mai ɗaukar ido, amma tsuntsaye ba sa taɓa su saboda ba su ciyuwa. Wasu kuma lafiyayyen abinci ne ga tsuntsu, sai dai sun yi kama da na farkon. Bayaninsa, wanda aka buga a 1862, shi ne: wanda ya fi kama ya fi tsira, ya haihu, zuriyarsa ta gaji kamar. Ba ƙwaron ne ya zaɓa ba.

Muna da irinsa a nan. Tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro tana cin ganyen tumfafiya, gubar ta zauna a jikinsa. Macen wani iri dabam, marar guba, launinsa ta ɗauka sak.

Bates ya koma gida a 1859 ba cikakkiyar lafiya, bai sake ganin Amazon ba. Daga 1864 ya riƙe mataimakin sakataren ƙungiyar masana labarin ƙasa a Landan, har rasuwarsa a 1892.