Abu Zaid al-Balkhi: Malamin da ya sanya zance cikin magunguna

A cikin malaman ƙarni na uku da na huɗu bayan Hijira akwai wanda ɗalibai suka fi sani da zana taswirar ƙasashen Musulmi, alhali ya bar mana abin da gidajenmu suka fi buƙata. Shi ne Abu Zaid Ahmad ibn Sahl al-Balkhi, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi wajen shekarar 850 Miladiyya a ƙauyen Shamistiyan kusa da Balkh, a ƙasar Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne. Yana matashi ya tafi Iraƙi neman ilimi, ya yi shekara takwas, ya zauna gaban al-Kindi. Da ya koma gida ya yi karantarwa, daga baya ya zama magatakardan sarkin Balkh. Saboda fasahar alƙalaminsa aka yi masa laƙabi da Jahiz na Khurasan.

Littafin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne Masalihul Abdan wal Anfus. Kashi na farko ya yi magana kan lafiyar jiki, na biyu kan lafiyar zuciya. Ya yi ƙorafin cewa likitoci sun duƙufa kan jiki sun bar zuciya, alhali mutum yakan daɗe bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya ya kuɓuta daga ɓacin rai ko fargaba. Cututtuka huɗu ya fi tsayawa a kansu: fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi.

A wajensa magani ta hanya biyu yake zuwa. Ta waje ita ce mai damuwa ya sami wani mai hankali da ya amince da shi, su zauna su tattauna. Hujjarsa kuwa, mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani fiye da daga kansa, kuma wanda damuwa ta rufe ba ya iya auna tunaninsa daidai, kamar yadda likita idan ya kwanta ciwo yake neman wani likitan. Ta ciki ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, domin ya tunkari mugun tunani da su idan ya taso. Mai waswasi kuma ya gargaɗe shi da kaɗaici da zaman banza.

Inda muke ganin ya fi zurfafawa shi ne baƙin ciki. Ya bambanta wanda ke da sanannen dalili, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya hana shi walwala da kuzari. Na farko da nasiha da gyaran tunani ake magance shi. Na biyu ya danganta shi da jiki, ya ce sai an haɗa da magani, tare da hira mai sanyaya rai. Mu da muke saurin cewa imanin mai irin wannan hali ne ya yi rauni, ya kamata mu lura cewa mai wannan bayani malami ne da ya yi rubutu a kan Alƙur'ani, har da littafinsa Nazmul Ƙur'an, kuma bai ga cin karo tsakanin tawakkali da neman magani ba.

Ya rasu a shekarar 322 bayan Hijira, wato 934 Miladiyya. Mafi yawan littattafansa sun ɓace, amma wannan ya tsira a ɗakin karatu na Ayasofiya da ke Istanbul. Fuat Sezgin ya buga hoton rubutun hannun a 1984, sannan masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Farfesa Malik Badri, ya fassara kashin da ya shafi zuciya zuwa Turanci a 2013.