Marigayi Alhaji Mamman Shata: Mawaƙin Da Taro Bai Taɓa Firgita Shi Ba

A unguwannin Hausawa na Ikko, kamar Agege da Idi-Araba, da wuya a zaga rumfunan 'yan goro ko tashar manyan motoci ba a ji muryar Alhaji Mamman Shata Katsina tana tashi ba, ko da yake ya daɗe da barin duniya.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina cikin shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar waƙa roƙo ce. Yaron ya fara da tallar goro da alewa, yana rera waƙa don jawo masu saye. A nan kasuwa ya saba da idon jama'a tun yana ƙarami. Daga baya ya zauna Bakori, sa'an nan Funtuwa ta zama gidansa.

Abin da ya bambanta Shata da sauran mawaƙa shi ne natsuwa. In ya shiga fage sai ya tsaya cik da babbar rigarsa, ƙirji a buɗe, kai a ɗage, ba ya yawan tsalle ko kai-da-kawowa. Tsayuwar nan ba ado kaɗai ba ce. Mawaƙin da ya ranƙwafa ya matse hunhunsa, numfashi ya gajarce, murya ta yi rawa. Wanda ya miƙe kuwa ya saki kafaɗu, iska na isarsa har ƙarshen baiti.

Haka kuma ya san amfanin 'yan amshi. Lokacin da suke karɓa, shi yana maida numfashi, yana duban taro, yana shirya abin da zai faɗa. Shi ya sa yake iya ƙaga waƙa nan take a gaban sarki ko attajiri ba tare da ya ruɗe ba. Su ma makaɗansa aikin jiki suke yi. Ana rataya kalangu a kafaɗa, a matse tsarkiyarsa a hammata, a sassauta, sautin ya hau ko ya sauka. Makaɗin da ya sandare kafaɗarsa don tsoro, kalangunsa ba zai yi magana ba.

Da wannan baiwa ya yi wa sarakuna da talakawa waƙa, ya ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma bar Bakandamiya, wadda ya wasa kansa a cikinta. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano ran 18 ga watan Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe.

Samari masu sha'awar waƙa a Agege, waɗanda gwiwarsu ke kaɗawa da zarar an miƙa musu lasifika a gidan biki, sukan kwaikwayi muryar Shata. Da ma su fara da koyon tsayuwarsa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.