Frederick Banting

Frederick Grant Banting (14 ga Nuwamba 1891 – 21 ga Fabrairu 1941) likita ne ɗan ƙasar Kanada, yana cikin waɗanda suka gano insulin, maganin ciwon sukari. An haife shi a Alliston, lardin Ontario.

Gano insulin

A shekarar 1921 shi da Charles Best suka fara binciken a Jami'ar Toronto, James Collip kuma ya tace maganin. A Janairun 1922 aka fara yi wa majinyaci allurarsa. Banting ya samu kyautar Nobel a 1923 tare da John Macleod.

Haƙƙin mallaka

Da farko Banting ya ƙi a sa sunansa a takardar haƙƙin mallakar insulin, domin a ganinsa hakan bai dace da likita ba. A 1923 shi da Best da Collip suka sayar wa jami'ar haƙƙin a kan dala ɗaya kowannensu. Manufarsu ita ce kada wani kamfani ya kankane maganin, kuma jami'ar ta riƙa sa ido kan ingancinsa. Ita ta ba kamfanoni irin su Eli Lilly lasisin sarrafa shi.

Mutuwa

Ya mutu sakamakon hatsarin jirgin sama a Newfoundland.